Ladan Mai Yankan Ciyawa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:14-15; Yakubu 5:1-6



Idan damina ta yi tsakiya ba sai an gaya maka ba, kana buɗe ƙofa da safe za ka gani. Tafasa ta kai gwiwa a bayan ɗaki, ƙarangiya tana kama wandon yara, kwata ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin katanga. A Maraɗi da Damagaram wannan fama yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A Ngaundere kuwa, inda ruwa ke farawa tun Afrilu ya kai Oktoba, maigida yakan yi ta yaƙi da ciyawa fiye da rabin shekara.

Ba daidai ba ne a bar gida haka. Marubucin Karin Magana ya bi ta gefen gonar rago, ya ga ƙaya ta rufe ta, katangarta ta zube, ya ɗauki darasi daga nan (Karin Magana 24:30-34). Ban da kunya, akwai maganar lafiya. Sauro ba ya haihuwa a cikin ciyawa kamar yadda wasu suke zato. A ruwan da ya kwanta yake saka ƙwai, ko a ɗan gurbi, ko a gwangwani, ko a tsohuwar taya, cikin kamar kwana goma kuma ya tashi ya fara cizo. Abin da ciyawa take ba shi shi ne inuwar da zai huta da rana. Ɓera ma yana samun maɓoya a ciki, maciji kuwa yana bin ɓera. Saboda haka a yanke ciyawa tun ba ta fid da iri ba, a buɗe kwata, a kife duk abin da zai tara ruwa, a share gindin bango da gindin rumbu.

Amma ba kowa ne zai iya yi da hannunsa ba. Wani tsufa ya kama shi, wani yana ofis daga safe har la'asar, wata gwauruwa ce ba ta da babban ɗa a gida. Dole a nemi wanda zai yi. Samunsa ba wuya. Ka tambayi maƙwabci wa yake yi masa, ko ka tambayi dattawan ikilisiya, ko ka fita da sassafe bakin kasuwa ko tasha, za ka tarar da 'yan ƙwadago zaune da adda da lauje da fartanya, suna jiran wanda zai kira su. Haka Yesu ya kwatanta su a Matiyu sura 20, mutane tsaye a kasuwa tun safe suna jiran mai ɗauka. Shekara dubu biyu ke nan, abin bai sake ba.

To, ka kira ɗaya, ya biyo ka, ya duba gida. Ka ce, "Nawa za ka yi mini?" Ya ce, "Jaka uku, maigida." Ka ce, "Haba! Wannan 'yar ciyawar? Jaka ɗaya." Ya ce, "Albarka." Ka ce to ya tafi, akwai irinsa goma a bakin kasuwa. Ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi rana ta fara yin sama, ya ce, "Na sallama." Ya tuɓe riga ya fara aiki. Kai kuma ka shiga ɗaki kana gaya wa matarka ka iya ciniki.

Ga tambayar da nake so mu duba tare. Mutumin nan ya yarda da bakinsa, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Shin yardarsa ta isa ta wanke ka a gaban Allah?

Mutane da yawa za su ce ta isa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Ciniki ciniki ne. Ba yaro ba ne, ya san ƙarfinsa, ya san aikin. Idan za a riƙa warware duk abin da mutum biyu suka shirya da bakinsu, kasuwa ba za ta ci ba. Za su ƙara da cewa a cikin misalin Yesu ma, da waɗanda suka fara aiki tun safe suka yi gunaguni, mai gonar inabin tuna musu ya yi da abin da suka shirya da shi. Gaskiya ne, yarda tana da nauyi, aikin da aka sa mutum ba da yardarsa ba bauta ce.

Sai dai ka tambayi kanka, a cikin ku biyun nan wa zai iya juya baya ya tafi? Kai idan ba a yi aikin yau ba, ciyawa za ta ƙara tsawo kaɗan, shi ke nan. Shi idan bai yi aikin yau ba, ba a ɗora tukunya a gidansa. Ka kuma lura da lokacin. Watan da ciyawa ta fi yawa, wato Agusta, shi ne watan da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa. Da yawa daga cikin masu zaman bakin kasuwar nan manoma ne, sun bar tasu gonar tana bukatar noma, sun shigo gari neman abin da za a ci kafin kaka. Da ya ce ya sallama, abin da yake faɗi a zuci shi ne da babu gara ba daɗi. Bakinsa ne ya furta, amma yunwa ce ta yi cinikin.

Ka tuna da Isuwa da Yakubu a Farawa 25:29-34. Isuwa ya dawo daga jeji a galabaice, Yakubu yana dafa wake. Aka yi ciniki, aka sallama, har da rantsuwa. Littafi Mai Tsarki ya ga laifin Isuwa da ya raina matsayinsa na ɗan fari, wannan ba shakka. Amma ban taɓa jin wanda ya karanta labarin ya ce Yakubu ya yi halin ɗan'uwa ba. Ya ga yunwar wansa, ya mai da ita kasuwa. A shekara ta 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wata doguwar wasiƙa a kan halin ma'aikata, inda ya nuna cewa idan larura ko tsoro ne ya sa ma'aikaci ya karɓi ladan da ba zai riƙe shi ba, to an cuce shi ke nan, ko da ya amince. Ko ba ka cikin ɗarikar Katolika, wannan magana tana da tushe a cikin Littafi.

Mai gonar inabin ma da ake kafa hujja da shi, a sake duba shi da kyau. Dinari guda ya shirya da mutanen safe, wato cikakken ladan yini na lokacin. Bai ce tun da masu neman aiki sun yi yawa bari ya rage ba. Waɗanda ya ɗauka saura sa'a guda a tashi, su ne suka fi kowa rauni a ciniki, da ya miƙa musu kome ƙanƙantarsa za su karɓa da godiya. Ya ba su dinari cikakke. Da ya kawo zancen yarjejeniya, yana kare alherin da ya yi wa na ƙarshe ne. Wanda ya ɗauki wannan aya don ya matse lebura ya juya ta baibai.

Za ka ce, to da me zan auna? A Nijar gwamnati ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa sefa 42,000 a wata daga farkon shekarar 2024. Idan ka raba shi kwana 26 na aiki, zai kama sefa 1,600 da 'yan kai a yini. Wannan shi ne ƙasan ƙasa a idon doka, kuma ba wani ma'aikacin gwamnati da zai shigo tsakar gidanka ya tambayi nawa ka ba mai yankan ciyawa. Ni dai ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne wanda kowace mace mai cefane ta sani. Nawa tiyar gero ko ta masara take yau? Idan mutum ya yini yana sunkuye a gidanka, abin da ka ba shi ya kamata ya sayi hatsin da zai ci da iyalinsa ranar, da kayan miya, ya kuma rage ɗan wani abu. Idan bai kai haka ba, ya ba ka yininsa, kai ba ka ba shi abincin yini ba.

Sai kuma a auna aikin da gaskiya. Ku zaga gidan tare kafin a yanka kuɗi, ka nuna masa ko'ina, har bayan makewayi da lungun da aka jibge tsofaffin bulo. Ciyawa ba iri ɗaya ba ce. Tafasa ana tuge ta da hannu bayan ruwa, amma tofa da kiri-kiri da aya-aya saiwarsu tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, idan an sare kai kawai cikin 'yan kwanaki sun dawo. Idan kana so a tone su, wannan wani aiki ne dabam, kuɗinsa ma dabam. Ku yi magana a kan yashe kwata, da kwashe abin da aka yanka, da ko da kayan aikin wa za a yi. Ku yi magana a kan ciyawar kanta, domin a garuruwanmu kyasuwa da irinta kuɗi ne, masu kiwon tumaki suna saye. Idan ba ka da dabba ka bar masa ya ɗaure ya tafi da ita, kada kuma ka cire kuɗinta daga ladansa bayan ba ku shirya haka ba.

Akwai wata 'yar dabara da ta zama ruwan dare har ba a ganinta laifi. An gama ciniki a kan ciyawa, aiki ya yi nisa, sai a fara: "Tun da ka zo, ɗan sassabe mini reshen darbejiyar nan. Ɗan ɗebo wa uwargida ruwa. Ɗan wanke babur ɗin nan." Kowane da "ɗan" a gabansa, kuɗi kuwa yana nan yadda yake. Ba zai ƙi ba, gama ladansa yana aljihunka har yanzu. Idan ka ƙara aiki, ka ƙara kuɗi, ka kuma faɗi nawa tun kafin ya fara.

Yanzu mu zo kan ayar da muka karanta. A Maimaitawar Shari'a 24:14-15 Allah ya umarci Isra'ilawa su biya matalaucin ma'aikaci a ranar da ya yi aikin, kada rana ta faɗi da hakkinsa a hannunsu. Ya faɗi dalili: mutumin matalauci ne, ransa yana rataye a kan kuɗin nan. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan ya kai ƙara wurin Ubangiji, zai zama zunubi a kan wanda ya sa shi aiki. Littafin Firistoci 19:13 ya sa kwana da ladan lebura a jeri ɗaya da zalunci da ƙwace. Ka ga Allah bai tsaya a kan yawan kuɗi kaɗai ba, har lokacin biya ya sa wa doka.

Mu kuwa muna da kalmominmu. "Ka dawo gobe." "Maigida ya fita." "Babu canji." "Sai an yi albashi." Idan ka san sai an yi albashi, me ya hana ka faɗa masa da safe, ya zaɓa ko zai yi ko ba zai yi ba? Mutum ya taka daga wata unguwa ya zo, ya tsaya a ƙofa yana sallama kamar mai bara, a kan kuɗin da ya riga ya zama nasa. Kowace dawowa da ya yi, safiyar da zai samu wani aikin ce ta wuce shi. Karin Magana 3:27-28 ta hana mu jan maƙwabci da je-ka-dawo alhali abin yana hannunmu. Yau da ake iya tura kuɗi ta waya, uzurin "ba na gida" ma ya ƙare.

Yakubu ya fi kowa zafi a kan wannan. A sura 5 aya 4 yana magana ne a kan ainihin irin mutanen nan, masu yanka a gonakin mawadata, ya ce ladan da aka danne musu shi kansa yana kuka, kukan kuma ya isa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ka yi tunani a kan wannan. Leburan yana iya yin shiru, yana iya cewa ya bar wa Allah, yana iya mantawa ma. Kuɗin da ke aljihunka bai yi shiru ba. Da shi za ka shiga sujada ranar Lahadi, watakila daga cikinsa za ka cire baiko.

Kada ka wuce wani abu a cikin dokar nan: ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo. Mai yi maka aikin yana iya zama ba mai bi ba ne, ko ba yarenku ɗaya ba, ko ya ƙetaro iyaka ba shi da kowa a garin. Hakkinsa bai ragu da ko dala ba. Yana yiwuwa bai taɓa shiga majami'a ba, bai taɓa kama shirinmu a rediyo ba, abin da ya sani game da Kirista shi ne yadda ka yi da shi ranar da ya yi aiki a gidanka.

Akwai kuma hatsarin da ke cikin aikin, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Dalilin da ya sa ba ka so yaranka su shiga ciyawar nan, shi ne kake tura wani ya sa hannu a ciki. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa. Idan ka taɓa ganin maciji a wani lungu, ka gaya masa. Idan kana da takalmin roba mai tsawo, ka ara masa. Idan da inji za a yanka, a fara tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a kore yara daga wurin. Idan tsautsayi ya faɗa masa a gidanka, asibiti za ka kai shi nan take, ba ka miƙa masa ladansa ka ce Allah ya sawwaƙe ba.

Maganin feshi ya fi wannan ban tsoro, domin ba a ganin cizonsa. Akwai mai suna paraquat, wanda ba shi da makari idan mutum ya sha, ko kaɗan ne. An hana shi a Tarayyar Turai tun 2007, kwamitin ƙasashen Sahel mai kula da magungunan feshi ma ya hana shi a 2011. Idan za ka sa a yi feshi a gida, ka karanta abin da ke jikin kwalbar, kada ka sayi wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna. Kada ka sa mutum ya yi feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, ba sabulun wanka bayan ya gama. Kada ka sa yaro ya yi sam, kome arahar yaron.

Bari in faɗi wata magana da ta shafe mu a cikin ikilisiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Gayya abu ne mai kyau. Ranar Asabar a fito a share filin majami'a, dattijo da adda, matashi da fartanya, zumuntar mata da tsintsiya, wannan hidima ce. Abin da ya sa gayya ta zama gayya shi ne kowa yana sa hannu, kuma tana zagayawa, yau a naka gobe a nawa. Amma idan kullum matalautan ikilisiya ne suke fitowa, masu hali suna aiko da gaisuwa, to masu halin su aiko da kuɗi a biya waɗanda suka bar neman abincinsu suka zo. Idan kuma shugaba ya kira matasa su share gidansa na kansa, ko gonarsa, ya sa wa abin suna aikin Ubangiji, ya sallame su da "Allah ya sa albarka", ya karanta Irmiya 22:13, inda annabi ya yi wa Sarki Yehoyakim kaito saboda ya sa mutanensa aiki a banza ya hana su lada. Wani kuma da gangan yake neman ɗan ikilisiya, don ya san ɗan'uwa zai ji nauyin yin ciniki da shi. Wannan cin zumunci ne.

Na san akwai mai karanta wannan da zai ce, "Ni ma fa ba ni da shi." Allah ya san haka, bai kuma ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka ba. Ka faɗa wa mai aikin gaskiya: ga abin da nake da shi, ina zai kai? Idan kuɗinka na rabin gida ne, a yi rabin gida, a fara da gindin ɗakin kwana da kwata. Ka rage aikin, kada ka rage ladan. Idan za ka cika da hatsi ko abinci, ku shirya tun farko. Gwauruwa da tsoho da marar lafiya kuwa, bai kamata ma su kai ga ciniki ba matuƙar akwai matasa a ikilisiyarsu. Nan ne wurin aikin kyauta, irin addinin da Yakubu 1:27 ya yaba.

Kai kuma ɗan'uwa da kake cin abinci da adda da lauje, maganar ba ta tsallake ka ba. Wasu masu gida sun yi tauri ne domin an sha cutarsu, an karɓi kuɗin kafin alƙalami an ɓace, ko an sare gaban gida an bar baya. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka yi aikin kamar Ubangiji ne zai zo dubawa, yadda Kolosiyawa 3:23 ta koya mana, ka kuma faɗi kuɗinka ba tare da jin kunya ba. Sana'arka ita ce ta fari da Allah ya ba ɗan adam, tun kafin zunubi ya shigo, sa'ad da ya sa Adamu a gonar Adnin ya nome ta ya kiyaye ta (Farawa 2:15). Da Yesu ya tashi daga matattu, Maryamu Magadaliya ta gan shi ta zaci mai lura da lambu ne (Yahaya 20:15). Ka ga kamanninsa a safiyar nan bai yi nesa da naka ba.

Maigida, ka san sunan mutumin da ya yi maka aiki bara? Bo'aza da ya isa gonarsa, gaisuwa ya fara yi wa masu girbinsa da sunan Ubangiji, akwai tulunan ruwa a ajiye dominsu, da lokacin cin abinci (Rut sura 2). Ruwan sanyi, da kwanon tuwo idan an sauke, da "sannu da aiki, malam" ba za su maye gurbin lada ba, amma mutum yana gane gidan da aka ɗauke shi mutum. Irin wannan gida ba ya wahalar neman mai aiki, shi da kansa zai leƙo idan ya ga ciyawa ta taso.

Idan kana karanta wannan sai ka tuna da wani da ka ce wa ya dawo gobe, bai kuwa dawo ba, kuɗin nan ba naka ba ne, ko shekara nawa aka yi. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya (Matiyu 5:23-24). Ka cire kuɗin ka ajiye shi dabam yau. Gobe da sassafe ka je inda ka ɗauko shi, ka kwatanta shi ga abokan zamansa, sun san junansu, sun san ƙauyen kowa. Idan hatsi ya ƙara tsada tun lokacin, ka ƙara a kai, domin abin da kuɗin zai saya masa a ranar shi ne ka riƙe.